Wuƙar Inna da Allon Kwamfutar Yaya

Har yau idan na ji warin ƙonanniyar roba, sai na sunkuyar da kai.

Yayan matata, mai shagon buga katin aure a Gummi, ya biyo ta gidanmu da allon kwamfutarsa da ya daina kawo hoto, zai kai Gusau gyara. Na ce, "Haba Yaya, har Gusau ina raye?" Alhali duk ilimina bidiyo ɗaya ne da na kalla a waya, shi ma rabi, data ta ƙare.

Yaya ya bar mini allon. Yana fita na shimfiɗa tabarma a tsakar gida, na kwance bayan allon, na hango wata 'yar waya ta saki. Ba ni da kayan aikin masu gyara, amma ai na sha ganin yadda ake liƙe bokitin roba ranar kasuwa. Na cusa wuƙar Inna cikin garwashi har ta yi jawur.

"Mi kaka yi da wuƙata?" in ji Inna.

"Ke dai sa ido, Inna."

Ta sa ido, matata ma ta sa. Ina ɗora wuƙar ta nutse kamar a man shanu. Hayaƙi ya turnuƙe, wayoyin suka narke, gilashin ya ce ƙas.

Da Yaya ya dawo, ya daɗe yana kallon gawar, ga masu biki suna jiran katinsu. Abin da ya ce kawai, "Sannu da aiki." Da ma zagina ya yi.

Tun daga ranar, duk robar da ta fashe a unguwarmu sai Inna ta ce, "A kai ma Injiniya." Jiya ma buta aka aiko mini, daga gidan surukaina.