Adakar Surukina

Ba zan taɓa mantawa da aiken farko da surukina ya yi min ba, don saura ƙiris ya zama na ƙarshe.

Lokacin watana uku da aure. Surukin nawa malami ne a unguwar Soron Ɗinki a Kano, dattijo ɗan asalin Barno, irin masu rubuta Alƙur'ani da ka. Maganarsa ƙasa-ƙasa take. Ni kuma in na je gaishe shi, tun daga ƙofar soro nake tuɓe takalmi in durƙusa, kaina a ƙasa. Ban taɓa ƙare wa fuskarsa kallo ba sai a hoton ɗaurin aure. Babban burina a duniya shi ne ya san 'yarsa ba ta faɗa hannun sakarai ba.

Rannan na je yi masa sallama, ofis za su tura ni wani gari a Jigawa. Sai ya ce, "Madalla. In ka je ka nemo min adaka mai kyau, an ce can akwai gwanaye. Ɓarayin nan sun hana ni sakat."

Na ce, "To, Baba."

Ni jikan makiyayi ne. A gidanmu in an ce adaka, abu ɗaya ake nufi: doguwar bindigar nan ta gargajiya da ake ɗura wa albarushi ta baki. To amma wa zai ɗaga kai ya ce wa suruki "wace iri"? Har wani daɗi na ji, wai an bar 'ya'yan cikinsa ni aka zaɓa a harkar sirri. Ko matata ban gaya wa ba. (Ina da difloma a fannin shari'a fa. Na faɗa ne don ku san ba jahilci ba ne, baiwa ce.)

Ranar kasuwar garin na yi ta bin mutane da raɗa, har aka nuna min maƙerar wani tsoho da mafarauta ke kai wa gyara. Na same shi yana dukan ƙarfe, gemu fari fat, damtse kamar taɓarya. Mafarauta uku na zaune a gefe, da wani manomi mai jiran garma. Na matsa na faɗi buƙatata.

Bai ko ɗago ba ya ce, "Ina lasisinka?"

Na gyara hula. Na ce, "Baba, kar ka damu da wannan, ni shari'a na karanta. A naɗe min ita a tabarma kawai, in sa a bayan mota."

Sai ya ajiye guduma. "Daga ina kake, ɗana?"

"Kano. Kuma ba tawa ba ce, aike ne."

"To laifin ya zama biyu," in ji shi. Ya miƙa hannu saman rumfa ya sauko da wata tsohuwar gafaka, ya zaro takarda a cikin leda. "Ka ga izinina. Ban iya boko ba, amma na sa an karanta min har na haddace. Wanda zai riƙe bindiga shi ke zuwa da ƙafarsa wurin 'yan sandan jiharsa, a bincike shi, kwamishina ya sa hannu. Ba a aike. Ni kuma ba na miƙa wa wanda ba shi da takarda, ko ɗan da na haifa ne, balle baƙo da zai tsallaka da ita wata jiha. Shinge nawa ka wuce kafin ka iso nan?"

Na ce, "Huɗu."

"To a na farko za a warware tabarmar. A zamanin nan ba wanda zai ce ga yaron kirki an aike shi. Cewa za a yi ga mai kai wa mutanen daji makamai. Kai a ɗaure ka, ni a zo a rufe maƙerar da na gada wurin ubana."

Wallahi ban taɓa jin darasi ya shige ni haka a aji ba. Duk da haka girman kai bai sake ni ba, na ce ai mai aiken babban malami ne. Ya ce, "In malami ne ya fi ni sani. Kira min shi." Ya ce in buɗe muryar wayar, don dukan ƙarfe ya cinye masa kunne.

Na kira, suka gaisa kamar sun san juna. Maƙerin ya ce, "Allah gafarta Malam, yaronka ne ya zo sayen bindiga."

Sai muryar nan mai sanyi ta fito, kowa na ji: "Bindiga kuma? La'ilaha illallahu. Adaka na ce, akwatin katako, in zuba rubutuna. Ɓeraye ne suka cinye min izu biyu."

Ɗaya daga cikin mafarautan har da faɗowa daga kan turmi. Manomin ya ce, "Malam lauya, ɓera nawa za ka harbe?" Ni dai na tsaya riƙe da waya, ina fatan ƙasa ta tsage.

Tsohon nan kaɗai ne bai yi dariya ba. Ya daka musu tsawa, ya ce, "Wanda ya ji kunyar surukinsa ba abin dariya ba ne." Ya tashi da kansa ya raka ni wurin kafinta, ya ƙwanƙwasa adaka biyar kafin ya zaɓi ɗaya. Ya dawo ya buga mata ƙarfe a kusurwa huɗu yadda haƙorin ɓera ba zai samu mashiga ba.

Da na dire ta a soro, surukina ya daɗe yana shafa ƙarfen. Ni ina durƙushe ina jiran hukunci. Can ya ce, "Allah ya yi wa maƙerin nan albarka. Ya hutar da 'yata kai tuwo gidan yari." Daga nan bai ƙara tayar da maganar ba, sai dai yanzu in zai aike ni ko goro ne, sai ya ce, "Na ci nake nufi."

Abin da na koya: gara ka ɗaga kai ka tambayi surukinka sau ɗaya, da ka sunkuyar da shi a gaban alƙali.