Kwalta a Jikin Motar Amana

Jama'a, ku yi haƙuri da rubutuna na yau, alƙalami sai zillewa yake yi don hannuna duk man gyaɗa ne. Ku dai taya ni gode wa Masu Girma Iyayen Tituna, Allah ya ƙara musu sanyin fanka a buro, wato ofis, da suka tuna da mu 'yan unguwar Kilomita Biyar suka zuba mana kwalta. Shekara bakwai ana alkawari, har yaran da aka haifa ranar alkawarin farko an yi musu kaciya. To, ta iso. Rabi ta zauna a titi, rabi kuwa ni na kwaso ta zuwa gida a jikin motar da ba tawa ba.

Motar ta Alhaji Sha'aibu ce, yayan matata Hureira, dillalin shanu, mutumin da ba ya dariya sai da ƙwaƙƙwaran dalili. Fara ce fat. Da zai tafi Bambari sarin shanu na kwana goma, ya kawo ta ƙofar gidana a Yakité, ɓangarenmu na Kilomita Biyar, ya miƙo mini makulli a gaban ƙanwarsa.

"Abdulgani, amana ce," in ji shi. "Kullum da safe ka tayar da ita ta ɗumama, ka kashe. Ƙafarta kada ta taka titi."

Shekara goma sha biyu ina auren ƙanwar mutumin nan bai taɓa ba ni ajiyar ko buta ba. Wallahi daɗi ya kama ni har idona ya kawo ruwa, na ce yau na shiga sahun mutane.

Kwana bakwai ina riƙe da amana kamar ƙwai. Rana ta takwas Shaiɗan ya buɗe ƙofa ya zauna a kujerar gefe, ya ce zagaye ɗaya tak, daga nan zuwa Titin Koudoukou, 'yan'uwanka masu goro su gan ka a bayan sitiyari. Kwaɗayi mabuɗin wahala. Ɗan tuƙin da na koya wurin direbobin manyan motoci na tattaro, na murɗa makulli.

Ashe a safiyar nan aka zuba kwaltar, wai wani babban baƙo zai wuce. Ba a gaya mana sunansa ba, mu ma ba mu isa mu tambaya ba. An auna titin da basira, daga inda motarsa za ta shigo zuwa inda idonsa zai iya kaiwa, sauran kuwa an bar wa kwaɗi. Allon gargaɗi akwai shi, kada in ci haƙƙin manya. Da Faransanci aka rubuta, aka kafa shi can ƙarshen titi yana fuskantar unguwar Miskine, don wanda ya riga ya ratsa ya waiwaya ya san abin da ya same shi. Tsakuwar da za a barbaɗa a kai ba ta zo ba, motar da ta ɗauko ta ta maƙale a taɓon titin da aka zo gyarawa. Kapita, wato shugaban leburori, ya yi ta kaɗa mini jan ƙyalle. Na ɗauka gaisuwa ce irin ta masu mota, ni ma na ɗaga masa hannu cikin girma.

Na fita da farar mota, na dawo da zabuwa. Ɗigo-ɗigon baƙi tun daga ƙasan ƙofa har murfin inji.

Hureira ta leƙo, ta riƙe haɓa. "Malam, sauran kwana biyu Yaya ya dawo. Ka fara tunanin garin da za ka koma."

Na koma da ƙafa wurin kapita in kai kuka. Ya saurare ni tsaf, sannan ya ce kwalta dukiyar hukuma ce, ni ne ma na ɗebi abin da ba nawa ba, in na matsa za a rubuta sunana. Na ce masa singila, wato na gode da yaren Sango, na juyo tun kafin a ce in dawo da ita a gwangwani.

Kafin in iso gida unguwa ta cika maƙil da likitocin mota. Alhasan tela ya zo da reza.

"Maƙwabci, matsa in kankare maka. Ɗan aiki ne."

Zulai matar mahauci ta ture shi da ƙwaryar toka da soso. "Kai dai ka san allura. Gindin tukunyata ya fi wannan baƙi, da toka nake mayar da shi madubi."

Wani da ban ma san daga ina ya ɓullo ba ya ce a watsa fetur a kusanto da garwashi, kwalta za ta narke ta gudu. Na ce har da motar da gidan da ni. Amma ta Zulai ta shige ni, don duk abin da muka sani mai sheƙi a unguwar nan da toka ake goge shi. Har ta tsoma soso sai muka ji tsawa.

"Ku ɗauke hannu, 'yan nema!"

Iyatu ce, tsohuwa mai man gyaɗa da ƙuli-ƙuli, wadda tun hantsi take cire kwalta daga ƙafafun kajin unguwa. Ta ce fenti fata ne, toka da reza za su tafi da kwalta su tafi da shi, a bar Alhaji da mota duk tabo.

"Ɗan nan, tura ta inuwa ta huce. Kwarara ruwa yashi ya sauka tukuna. Sannan ka samo tsumma mai laushi ka jiƙa da mai, ka fara gwadawa a lungun da ido ba ya gani. Ka ɗora a kan ɗigo, ka bari ya sha. Kada ka dirza. Lallashi take so."

Na ce, "Inna, in ta ƙi fa?"

"Ka ƙara mai, ka ƙara haƙuri. In ta fita ka bi da sabulu da ruwa, in ba haka ba tururuwa za ta raka Alhaji har gida."

Haka na yi kwana biyu a durƙushe ina lallashin kwalta ɗigo bayan ɗigo da tsohon rawanina, Hureira na korar awakin da suka ji ƙamshi suka zo lasar ƙofa. Abin mamaki, baƙin sai ya saki ya biyo tsumma, fenti ko ƙwarzane.

Alhaji ya dawo ranar Laraba da hantsi. Ya zagaya motar sau biyu, ya shafa, ya dube ni. "Madalla, Abdulgani. Ashe na daɗe ina zaluntarka a zuciyata. Kai mai amana ne." Maganar ta soke ni fiye da zagi, na sunkuyar da kai na ce ai ba komai.

Ya ja motarsa ya tafi. Ko shayina ban shanye ba sai ga shi ya dawo. Ashe baƙon bai zo ba an ɗage, ruwan sama ya wanke kwaltar farko, Masu Girma sun sake zuba sabuwa, allon yana nan inda yake. Zabuwa ta biyu, ta ma fi tawa ado. Alhaji ya fito yana huci, ya zaro wuƙar kugunsa, ya durƙusa ya kai bakinta jikin ƙofa.

Nan fa na tsaya tsakanin biyu. In na yi shiru, sunana mai amana har abada, mota kuwa ta lalace a gabana. In na buɗe baki, asirina ya tonu. Wuƙa ta taɓa fenti.

"Yaya Alhaji, tsaya! Inuwa tukuna, sai ruwa, sai man gyaɗa a tsumma mai laushi. Ba a dirzawa!"

Ya ɗago a hankali. "A ina mai goro ya koyi wannan karatu?"

Na faɗa masa komai, har da gaisuwar da na mayar wa kapita. Sai ya mayar da wuƙa kube, ya tuɓe babbar riga ya miƙa wa ƙanwarsa.

"Da ka yi shiru da ban taɓa sani ba," in ji shi. "Kama dama, ni in kama hagu, ka nuna mini. Makulli kuwa, tafiya ta gaba Hureira zan bai wa."

Muna nan durƙushe ni da surukina, karo na farko da muka yi aiki ɗaya kafaɗa da kafaɗa. An ce baƙon sai wata mai zuwa, za a yi zubi na uku. Roƙona ga Iyayen Tituna ɗaya ne: a sanar da Iyatu da wuri ta soya gyaɗa da yawa, don ita kaɗai ce a Kilomita Biyar aikin titin nan ya amfana.