Yadda Ake Tatsar Haraji a Jikin Mai Baro

Kai sabon ma'aikacin haraji, matso kusa. Shekara arba'in ina zaune a bakin kasuwa ina nazarin tururuwa da 'yan dako, na gano bambancinsu ɗaya ne: ba a yankar wa tururuwa rasit. Bi matakan nan, na yi maka alkawari ko dutse ka matsa sai ya ba da nono.

1. Zaɓi wanda ba zai iya gudu ba

Mai babban shago yana da lauya, gaishe shi ka wuce. Ka tari Gajere mai baro yana tsakiyar hawan tudu da buhun siminti huɗu. In ya saki, ƙafarsa ce za ta biya.

2. Ƙiyasta samunsa

Ba shi da takardar albashi, to buɗe tafin hannunsa. Kowace kanta shaidar arziki ce. Gumi kuwa, a binciken da na yi, riba ce da aljihu ya yi wa kaɗan.

3. Toshe kunne

Zai ce, "Yallaɓai, baron haya ne. Sahu biyu na yi tun safe. Maganin 'yata na can shagon magani an ɗaure a leda, ciko ake jira."

Ka ce, "Har magani kake saya? Ashe kai babba ne."

4. Ƙwace baron

Wanda ba ya aiki ya fi samun lokacin neman kuɗin biya. Sai dai ka tura da kanka zuwa ofis, don duk 'yan dakon wurin za su kamu da ciwon baya a lokaci ɗaya.

5. Kada ka amsa kira a hanya

Ma'aikacin da ka gada yana tura baron Gajere zuwa ofis, wata mata ta ce masa, "Mai baro, nawa zuwa tasha?" Ya waiga, ya ɗauki kayanta. Da ya isa ofis, Oga ya dubi hannunsa ya yi bororo, ya ce, "Ashe sana'a kake a ɓoye?" Ya yanka masa rasit. Baron kuma, da yake babu wurin ajiya a ofis, Oga ya ba Gajere haya. Yanzu Gajere haya biyu yake biya a kan taya ɗaya.

Sanarwa: in hannunka ya kumbura ko Allah-ya-isa ta kama ka, ba ka san ni ba. Ni tururuwa nake kallo. Ledar maganin dai na leƙa jiya, tana nan rataye a ƙusa.