Bikon Tattabara

"Lafiya lau muka kwana, sai dai ɓarayi da suka addabe mu. Ina ɓarawon gidan nan yake?"

Famfo ke nan, tun daga matakala yake amsa gaisuwar da ban gama yi masa ba. Ɗan goggon maigidana ne, taubashinsa, kuma tun da na shigo gidan nan ban taɓa jin sun yi wa juna magana mai daɗi ba. A gidan ruwa yake aiki, yana kula da injinan da ke tura ruwa cikin gari, sunan ya bi shi daga can. Maigidan kuwa Mita ake ce masa, don ya daɗe yana bin gidaje yana karanta mitar wuta, kafin bara ya ajiye aikin ya koma kiwon tattabaru da sayar da su. Famfo ne ya koya masa kiwon, shi ya ba shi auren tattabaru na farko. Wannan ajiye aikin har yau yana tsaye wa Famfo a maƙogwaro, duk mai ido ya gani.

Ina saman bene ina shanya, a ɗan gefen da tsuntsayen suka rage mini. Ya hawo da kayan aiki a jikinsa, takalmin roba har gwiwa, idanu jajur don daga kwanan aiki ya fito, yana riƙe da kwali da aka huhhuda. Maigidan na tsugune a bakin ɗakin tattabaru yana wanke kwanon ruwansu, ko waiwayowa bai yi ba.

"Wa nake ji kamar bawan gidanmu? Ja da baya da takalman nan, kada warin maganin ruwa ya kashe mini dukiya."

"Dukiyar sata. Fito mini da Toka."

"Wace ce kuma Toka? Mu nan gidan ba ma ajiye masu sunan talauci."

"Tattabarata! Ta kwana biyu ba ta dawo gida ba. Jiya direban nan na majalisarmu ya ce ya gan ta a kan rufinka tana shan hantsi kamar gidan ubanta."

"Direba ne shaidarka? Ai shi ma ya fi ka wayo. Ya ajiye sitiyari yana ƙera keji. Malamin lissafi ya ajiye alli ya buɗe shagon tsaba da maganin tsuntsaye. Ni kuma ga ni. A duk majalisarmu ta masu tattabaru kai kaɗai ka rage kana gadin inji. Da furfurarka, sai ka nemi izini kafin ka yi atishawa."

"Ni in na tashi aiki gari ne ke shan ruwa. Kai me ka taɓa tsinana wa gari banda yanke wa tsofaffi wuta? Har yau akwai karnukan da ke cigiyarka."

"Gari ke shan ruwa? Famfon gidan nan tun watan jiya iska yake busawa. Har tattabaru sun fara sauka in an buɗe shi, sun zaci ni ne nake musu fito."

"Allah ya ƙara. Ka sha fiton."

Ni na san wace ce Toka, kowa a dangi ya sani. Tana 'yar shila shaho ya ɗauke uwarta, Famfo ya sa ta a hula ya riƙa tafiya da ita wurin aiki. A ɗakin inji, cikin wannan ƙara da ba ka jin maganar na kusa da kai, yake tauna tsaba ya ɗura mata da bakinsa har ta yi gashi. Matarsa ta taɓa ce mini ko 'ya'yan cikinsa bai yi wa wannan hidima ba. To da na ga idon nan nasa, sai tausayi ya kama ni, ga shi kuma ina da tawa a ƙasa, don tsuntsuwar ta ɓata mini zanin gado a kan igiya.

"Tana akwati na uku daga sama," na ce.

"Ke kuma wa ya sa bakinki?" in ji maigidan.

"Wanda ya sa ni maimaita wanki."

Famfo ya ture shi ya shiga ɗakin, ya leƙa akwatin, sai ya yi turus. Ga Toka nan kwance luf, ta ɗan ɗaga sai ga ƙwai biyu a ƙarƙashinta. A bakin akwatin kuma Farin Wuya ne tsaye yana kumbura ƙirji, namijin da maigidan ya fi ji da shi a duk garken.

"Inna lillahi! Wa ya yi mata wannan aiki?"

"Cire hula ka gaida surukinka."

"Wannan mai wuyan kamar an zuba masa farin fenti? Da 'yata?"

"Kai ka jawo. Ka bar mace ba miji, kana sakinta tana shawagi a sama, ko ɗan koyo ba zai yi wannan ba. Namiji nawa na kai maka har gida? Wannan ka ce ƙafarsa gajera ce, wancan ka ce idonsa na marasa gaskiya ne. Ka zauna kana tsaronta kamar gwal. Sannan aka juya maka lokacin aiki, tana tashi da safe ba ka gida, ba tsaba, ba fito. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga."

"Ƙadangaren ne dai, ka faɗi gaskiya yau ɗaya."

"Ta leƙo ta ga gidan da ake cin abinci a kan lokaci, ta kwaso kayanta."

"Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi! Ni na koya maka riƙon tattabara. Ranar farko ka damƙe ta kamar mai matse tsumma, sai da na ƙwace. Yau kai ne gwani, har daga wasu garuruwa ake zuwa ana tambayar gidanka. Ni kuwa ina can na zuba wa allurar inji ido, in ta hau in rage, in ta sauka in ƙara. Wallahi in na fito da safe na hango garkenka suna kewaya sararin sama, kai kuma kana tsaye da gajeren wando kana fito kamar ba ka da abin yi a duniya, sai in ji kamar in koma in rufe wa unguwarku ruwa."

"Ashe kai ne! Kin ji ko? Ki shaida, ya amsa laifinsa da bakinsa."

"Na ce kamar."

"Hassada ga mai rabo taki ce, bawana. Ci gaba da zubawa."

Famfo ya buɗe kwalinsa ya miƙa hannu zai kama Toka. Ta ɗaga fiffike ta make masa yatsu, ita da ya ciyar da bakinsa. Na ga abin ya taɓa shi har zuciya.

"Ɗauke ta mana," in ji maigidan. "Ka kai ta ka rufe wata guda in ka ga dama. Ranar da ka buɗe, kafin ka gama sa takalmin nan naka ta riga ka isowa nan. Ƙwan kuma su huce a banza. Wa ma ya koya mini cewa mace ba ta barin miji da sheƙa? Wani mai gadin inji ne, na manta sunansa."

Famfo ya janye hannunsa. Ya tsaya da kwali a buɗe yana kallon akwatin. Ni kuma da bakina ba ya riƙe magana, sai na ce:

"Ku dai yi ku gama. Mai jar motar nan da ya zo sayen tattabaru ya ce bayan la'asar zai zo ya ɗauki Farin Wuya da matarsa."

Maigidan ya harare ni. Famfo ya juyo a hankali.

"Da matarsa? Wace matar?"

"Mutumin ya gan su suna tashi tare, ya ce auren yake so, ba ya son ɗaya," in ji maigidan, yana goge kwanon da ya riga ya bushe. "Ban ce masa e ba."

"Ka ce masa a'a?"

Maigidan ya ci gaba da goge kwanonsa.

"Toka za ka sa a bayan motar wani? Wanda bai san ba ta shan ruwa in ba a kwano mai faɗi ba? To ka ji daɗin sana'arka. Da ma abin da ka bar aiki dominsa ke nan."

Wannan karon ba wasa a muryarsa. Maigidan ya ajiye kwanon ya miƙe, ya nuna wata baƙa mai kyan gaske a kan katako.

"Waccan, me sunanta?"

"Ni na sani? Taka ce."

"Ba ta da suna. Ta gefenta ma haka. Duk ɗakin nan ba mai suna sai Farin Wuya, shi ma don tun ina karanta mita na raɗa masa."

Gaskiya ya faɗa, kuma sai a lokacin na lura. Da can in ya dawo aiki ko riga ba ya cirewa, sai ya hau nan yana kiransu ɗaya bayan ɗaya, har na iya sunayen don dole. Tun da abin ya zama shi ne cinmu shi ne shanmu, kiran ya ɗauke, sai fito kawai.

"Kallon kitse kake wa rogo," ya ce wa Famfo. "Kai ka je ka yi gadin injinka, wata ya ƙare a ba ka abin sa wa a baki, ka dawo ka baje a tsakar gida ka kalli naka. Ba wanda ya isa ya nuna ɗaya da mukullin mota ya ce a kama masa. Ni kuwa duk wadda ta yi kyau, tafiyarta ke nan. In na raɗa mata suna, wa zan kira gobe? Rannan na bi ta bayan gidanka na hango gurguwar nan taka da ba ta ko iya tashi, tana nan tana cin tsabarka tun shekarun baya. Wallahi sai da na ji haushi."

Famfo ya buɗe baki yana kallonsa.

"Au! Kai ma?"

"Ni ma me? Ni ba na hassadar bayi. Matsa mini."

Ya shiga ɗakin, ya zaro tsohuwar filayarsa daga aljihu, wadda ya fito da ita daga kamfanin wuta, ita ce ta sha yanke wa mutane layi. Ya tura Farin Wuya cikin akwatin, ya ja 'yar ƙofar raga ya rufe, sannan ya datse wayoyin da suka ɗaure akwatin a jikin bango. Ya sauko da shi a hankali, da Toka da miji da ƙwai, ya ɗora wa Famfo a hannu.

"Mai jar motar fa?" na ce. Ba zan ɓoye ba, raina ya ɓaci, don na riga na gama tsara abin da cinikin nan zai toshe a gidan.

"Ki ce masa mai kaya ya zo ya kwashe kayansa. Ƙarya na yi?"

"Rabi dai."

"To ki faɗa masa rabin gaskiyar."

Na buɗe baki zan ƙara, sai na ga yadda ya sa yatsa ta cikin ragar yana shafa wuyan tsuntsun, na haɗiye maganata na koma kan shanyata.

Famfo kuwa ya ƙame da akwati a hannu kamar an ba shi jariri.

"Har da shi?"

"Ka taɓa ganin an yi biko an bar miji a baya? Riƙe shi a miƙe, sakarai, kada ƙwan su gangara. In ka je ka rufe su, kada ka buɗe sai 'yan shila sun fito, in ba haka ba shi ma nan zai dawo."

"Ni za ka koya wa?"

"Wanda mace ta gudu daga gidansa ai dole a koya masa. Kuma duk ranar da kake aikin safe ka bar mini mukulli wurin matarka. Ba zan bar Farin Wuya ya mutu da yunwa a gidan ma'aikaci ba."

Famfo ya tuntsire da dariya har akwatin ya girgiza, maigidan ya yi wuf ya tallafe ƙasansa.

"Jama'a ku zo ku gani! Ya ajiye aikin kamfani don ya zo ya zama ɗan aikina. To faɗi albashinka, in ji ko zan iya."

Maigidan bai saki akwatin ba tukuna. Ya leƙa ta ragar, inda Toka ta gyara kwanciya a kan ƙwanta.

"In sun ƙyanƙyashe, ka bar ni in raɗa musu suna."

Dariyar Famfo ta tsaya. Ya dubi taubashin nasa, sannan ya juya ya fara sauka matakala a hankali, taki ɗaya bayan ɗaya, takalmin robar na ƙara. Sai da ya kai tsakiya muka jiyo muryarsa.

"Duka biyun na ba ka, ɓarawo. Amma kada ka sa musu sunan talauci."