Yadda Za Ki Ɓoye wa Gwaggonki Cewa Ita Ce Dodon Hawa na Tara

Wannan darasi naki ne, ke da kike zana labarin da mutanen Seoul ke karantawa a waya, na jarumin da ke hawa bene yana kashe dodanni, allo a saman kansa yana nuna saura nawa ransa ya ƙare. Kin ba dodo mafi muni fuskar gwaggonki, ga Chuseok, bikin kaka na Koriya, ya zo, dangi za su taru. Bi matakan nan, tabbas asirinki zai rufu. Na gwada su a kan Gwaggo Mal-sun.

1. Ki musa kamannin

Dodon yana da nannaɗaɗɗen gashi da hular tare rana. Rabin matan unguwa haka suke. Tawadar Allah da ke haɓarsa kuwa, ki ce ƙuda ne ya sauka a allo.

2. Ki zaɓi wajen suya

Ki zauna ƙasa gaban kaskon suyar kabewa da ƙwai, ki sunkuyar da kai. Masana sun tabbatar ba a tuhumar mace mai juya abu a mai.

3. Ki jure harin

Za ta ce miki abin da tawa ta ce mini, “Hye-won, har yanzu zanen aljanun ne? ’Yar maƙwabcinmu gwamnati ta ɗauke ta aiki. Ina mijin?”

Kada ki nuna kin san tambayoyin. Su ne makaman dodon, kowace tana cinye wa jarumi kashi uku na rai. Ki ce, “To, Gwaggo.”

4. Ki yi amfani da ladabi

In babba ya zuba miki abin sha, ki karɓa da hannu biyu, ki kau da fuska kafin ki kurɓa. Kakanninmu sun ƙirƙiro wannan ne domin mai rawar baki.

5. In ta biyo ki kicin

Tawa ta biyo ni. Ta rufe ƙofa, ta ciro waya, ta buɗo labarin nawa.

“An ce mako mai zuwa yaron nan zai kashe ta.”

“Wa, Gwaggo?”

“Kar ki maida ni sakara. Duk benen nan ita kaɗai ke gaya masa gaskiya. Saurayi ba aiki, sai yawo da takobi.” Ta matso da allon fuskata. “Kuma hawa na tara? Uwarki ma ta san na wuce nan.”

Ki mayar da ita hawa na hamsin. Ki gyara gashin.

Mai wannan darasi ba ta ɗauki alhakin komai ba. Mai ƙorafi ya kai wa Gwaggo Mal-sun, ita ke duba kowane babi yanzu kafin ya fita. Jarumin zai yi aure a bazara.