Wankan Ɓerayen Dakta

"Ɓeran da ban san halinsa ba, uwarsa ba ta haife shi ba tukuna!"

Haka Farfesa ke cika baki kullum a ɗakin bincike. Kada ka ji Farfesa ka miƙe tsaye, abokina, shi ya raɗa wa kansa. Aikinsa wanke keji ne, amma farar rigarsa ta fi ta kowa shan guga.

Dakta, mai binciken, wata shida ke nan tana gwada maganin ciwon suga a kan fararen ɓeraye ashirin, duk maza. Goma masu shan magani da jan ɗigo a wutsiya, goma marasa sha da shuɗi. Da tafiyar kwana uku ta kama ta, ta ja masa kunne:

"Abinci da ruwa kawai. Ka taɓa wani abu, a bakin aikinka."

Tana fita gogan naka ya dubi wutsiyoyin ya yi tsaki. "Digiri uku, amma ga ƙazanta!" Ya juye su duka a baho ɗaya ya dirje su tas. Sai da ya zo mayarwa amfanin ɗigon ya faɗo masa.

"To, ai na san fuskokinsu."

Ya ɗiga wa kowa kalar da ya ga dama. Ya ƙirga, sha tara. Ɗaya ya bi magudana. Sarkin dabara ya ruga kasuwa ya sayo farin ɓera, ya zaɓi mafi ƙiba don a yaba kiwonsa.

Dakta ta dawo tare da shugaban sashe.

"Ba ka taɓa komai ba?"

"Ko inuwarsu, ranki ya daɗe."

"To ya na ga ja sha uku?"

"Zafi ne, Dakta. Shuɗin ne ya nuna."

"Wannan ƙaton fa?"

Ya bugi ƙirji. "Lamba bakwai ke nan! Namijin duniya. A hannuna ya girma."

Ta ɗaga namijin duniya. Jajayen jarirai tara ne a ƙarƙashinsa, suna neman nono.

Dakta ta sulale kan kujera, wahalar wata shida ta bi ruwan sabulu. Shugaban ya daɗe yana kallon Farfesa, sannan ya miƙa masa hannu.

"Barka da arziki. Ajiye makulli, ka tuɓe mana rigar nan. Mai jego na bukatar shimfiɗa."