Zanen Gadon Da Na Dama Wa Koko

Ranar da matata Hadiza za ta tafi biki garin Sanam, magana ɗaya tak ta bar mini: kada in taɓa zanen gadonta na auduga, farin nan saƙar hannu da gwaggonta ta ba ta. Ni kuwa ba na son a raina mini wayo. Na sha tsayawa bakin kasuwar Filinge ina kallon masu wanki suna sa wa shadda kokon rogo har ta riƙa ƙyalli. Na ce wannan ai ba aiki ba ne.

Na wanke zanen tas, na dama koko mai kaurin da zai ƙosar da mai azumi, na tsoma shi ciki, na shanya bisa danga. Da ya bushe sai ya sandare kamar ƙyauren ɗaki. Na ce iska za ta sassauta shi, na tafi masallaci ina taƙama.

Iska ba ta zo ba, awakin maƙwabta ne suka zo. Na iske sun cinye tsakiyar, sun bar mini gefe-gefe.

Da Hadiza ta dawo, ta ɗaga abin da ya rage, ta leƙo ni ta cikin hujin, ta ce, "Malam, mi na yi maka?"

Har yau, in taubashina Isuhu ya hango ni ranar kasuwa, sai ya ɗaga murya: "Ga mai dahwa ma awaki! Tawa akuyar ta haihu, akwai sauran zane?"